Mai Littafi da Igiyar Awo: Aikin Ɗalibin Malamin Daji Bayan Ruwa Ya Ɗauke

 Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, ana roron wake, dawa kuwa ta kusa yanka. A daidai wannan lokaci ne waɗansunku da ke ƙasar Ɗanbatta sukan ga wani saurayi, ko kuwa budurwa, da littafi a hannu da igiyar awo a kafaɗa, yana bin gonaki yana ƙidaya itatuwa. An sha tambayarmu a wuraren taron ƙungiya ko wanene shi, me kuma yake rubutawa. Waɗansu suna tsoron haraji ne. Waɗansu suna tsammani gwamnati za ta karɓe itatuwan da aka ƙidaya. Mun ma ji labarin wanda ya sare ƙananan gawo da ke gonarsa da dare, don kada su shiga littafi. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana aikin yaron nan dalla-dalla.

Yawancinsu ɗalibai ne. A ƙasar Ɗanbatta akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, kusa da madatsar ruwa ta Tomas wadda aka gina a shekarun 1970. Akwai kuma makarantu irinta a Kano da Zariya. Tun shekara ta 1973 hukumar ITF ta kafa tsarin da ake kira SIWES, watau a tura ɗalibi wurin aiki na 'yan watanni domin ya koya da hannunsa abin da aka koya masa a allo. Wanda yake karatun gandun daji da tsare ƙasa akan tura shi ofishin malamin daji, ko ofishin gona na ƙaramar hukuma, ko lambun renon itatuwa. Ba shi da ikon yanka wa kowa tara. Ba shi da ikon kama kowa. Littafin da ke hannunsa malaminsa ne zai duba ya sa hannu, da shi kuma za a ba shi maki.

Ƙidayar abin da ya rayu

Babban aikinsa na ƙarshen damina shi ne ƙidaya dashen bana. A watan Yuli da Agusta an raba ƙananan itatuwa a leda, an dasa a makarantu, da bakin hanya, da iyakar gonaki. Rubuta yawan abin da aka dasa ba wuya, kowa yana son wannan lissafi, gama shi ake karantawa a rediyo. Amma lissafin da ke da amfani shi ne na abin da ya rayu.

Ga yadda yake yi. Zai bi layin dashen rami bayan rami. Inda ya iske itace da ganye sai ya yi alama. Inda ya iske sanda busasshiya sai ya kankare bawonta da farce, in ya ga kore a ciki, da sauran rai. In rami ne kawai ba kome, shi ma a rubuta. A ce an dasa 200, ya iske 120 da rai, to, kashi 60 cikin 100 ke nan. Amma bai gama ba, sai ya nemi abin da ya kashe sauran 80 ɗin. In an datse kan da haƙori, akuya ce. In saiwar ta zama ƙasa, gara ce. In ya tona ya iske ledar tana nan ba a yage ta ba, laifin mai dashe ne. In kuwa an dasa a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, saiwar ba ta sami lokacin nitsewa ba kafin ƙasa ta bushe, wannan kuma laifin wanda ya kawo dashen a makare ne.

Kowane dalili da maganinsa dabam. Wanda ya rubuta “sun mutu” kawai bai taimaki kowa ba.

A nan ne gwaji yake zuwa wa ɗalibi. Yaro ne, yana son ya faranta wa na gaba da shi rai, na gaba da shi kuma yana son rahoto mai daɗi ya kai sama. Mun taɓa ganin takardar da ta ce kusan dukan dashen wani wuri ya rayu, muka je wurin, ba mu iske kome ba sai ramuka da kashin awaki. Me ya biyo baya? Baɗi aka sake kawo irin itacen nan, a irin lokacin nan, aka dasa ba shinge, awaki suka sake yin biki. Da an rubuta gaskiya, da an kawo dashe kaɗan da wuri, an kashe sauran kuɗin a kan shinge. Saboda haka idan ya tambaye ku, ku faɗa masa abin da ya faru, ko da awakinku ne suka ci. Ƙidayar Oktoba ma ba ita ce ta ƙarshe ba. Ta gaske ita ce ta watan Mayu, bayan dashen ya sha hunturu da bazara.

Abin da aka koya a Yambawa

Waɗanda suka manyanta a cikinmu ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, da kuma na 1983 da 1984. Bayan farin farko gwamnati ta dasa dogayen layukan itacen turare a arewacin Kano domin su tare iska. Akwai su a Yambawa, nan kusa da Ɗanbatta. Daga baya wani masanin gandun daji, L. O. Z. Onyewotu, na tashar binciken shingen itatuwa da ke Kano, tare da Farfesa Kees Stigter na ƙasar Holan, suka yi shekaru suna awon gero a tsakanin layukan nan.

Sun gano abu biyu da kowane manomi ya kamata ya sani. Na fari, layin itatuwa yana kāre gero daga busasshiyar iska mai zafi, amma kāriyar ba ta da nisa kamar yadda aka zata. Takan kai kamar ninki biyar ko shida na tsawon itacen. Watau in itacen ya kai mita 10, gonar da ke cikin mita 50 ko 60 a bayansa ita ke morewa. Layukan kuwa an dasa su nesa da juna fiye da haka, sai tsakiya ta zauna a buɗe. Na biyu, saiwar turare takan bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga gona ta shanye ruwan da gero zai sha. Da suka haƙa rami mai zurfi a gefen layin suka datse saiwoyin, geron da ke kusa ya yi kyau fiye da na inda ba a datse ba.

Manoman wurin sun daɗe da lura cewa gero ba ya yi a gindin turare. Sai dai ba a tambaye su ba sa'ad da ake dashen. A ganinmu wannan shi ne babban kuskuren wancan zamani, ya fi na tazarar layuka. Shi ya sa ɗalibin yau, in an koya masa daidai, ba igiya kaɗai zai riƙe ba. Zai durƙusa ya gai da mai gona, ya ce masa Baba, ya tambaye shi inda gero ya yi da inda bai yi ba, sa'an nan ya fara awo.

Awon tsawon itace ba ya bukatar hawa. Ya kafa sanda mai mita 1 ya auna inuwarta, ya kuma auna inuwar itacen a lokaci guda. In inuwar sandar mita 2 ce, ta itacen kuwa mita 20, tsawon itacen mita 10 ke nan. Yaranku na firamare ma za su iya.

Itatuwan da ba wanda ya dasa

Ƙasar Kano yawancinta gona ce, ba daji ba. Daga Ɗanbatta zuwa birni, ko zuwa Kazaure, da wuya ka ga fegin da ba mai shi. Masana daga waje sun daɗe suna cewa wuri mai yawan jama'a haka ba zai bar itace tsaye ba. Wani Bature, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru da yawa yana binciken gonakin da ke kewaye da Kano. Shi da abokan aikinsa suka iske manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, har bayan manyan farin nan. Kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya, gawo da dogon yaro suna nan, gama kowanne da mai shi. Mutum yakan sassaɓe reshe, ba ya kashe uwar.

Wannan dukiya ce ɗalibin yake ƙidayawa sa'ad da kuka gan shi a tsakiyar gona. Yakan ɗauki fili, ya rubuta kowane itace da sunansa, ya auna kaurinsa daidai ƙirji. Abin da zai fi lura da shi kuwa shi ne ƙanana. In gona tana da manyan kuka huɗu amma ba ƙarami ko ɗaya, to, mai gonar yana cin gadon kakansa ne bai bar wa jikansa ba. Mu kanmu mun zaga gonaki da yawa, mun ga tsofaffin ɗorawa da kanya birjik, matasansu kuwa sai an nema.

Maganin wannan ya fito ne daga maƙwabtanmu na Maraɗi. A shekara ta 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassaɓewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Ba a bukatar leda, ba a bukatar ban-ruwa. A zaɓi toho mafi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar a kowane kututture, a yanke sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, ana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada bawo ya yage. Mutanen Nijar suna kiransa sassaɓin zamani. Masu awo da hotunan sama sun ƙiyasta cewa hanyar nan ta kai kadada wajen miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kamar miliyan 200. An ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a shekara ta 2018.

Amma ku lura da abin da ya sa ta karɓu. Dā a Nijar itace na gwamnati ne, manomi yana tsoron malamin daji, don haka ba ya barin itace ya girma a gonarsa. Sai da manoma suka tabbata cewa abin da suka rena nasu ne, sa'an nan suka bar gatari. Tsoron nan shi ne ya sa mutumin da muka ambata a sama ya sare gawonsa. Ya yi hasara babba, gama gawo ba ya gasa da gero. Da damina yakan zubar da ganye, rana ta ratsa, da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su kwanta a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar taki. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Kaka ce lokacin yi wa kututture alama, tun kalgo da sabara da magarya da aduwa suna da ganye ana gane su. Ɗalibin yakan ɗaura tsumma ko ya shafa fenti, domin mai sassabe ya tsallake su da bazara.

Dabbobi da wuta

Ranar da aka gama kwashe dawa aka saki dabbobi, ranar ce dashe yake shiga haɗari. Ba mu ce a hana shanu shiga gona ba. Takinsu muke so, tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi. Amma kafin ranar, kowane ƙaramin itace ya sami shingensa. Ƙayar magarya ko ta aduwa ta fi kara, gama kara yana jawo gara, shanu kuma suna cinsa. Waɗansu sukan jera tubali da tazara. Shingen ya kai ƙugu, ya kuma yi faɗin da akuya ba za ta miƙa wuya ta kai ga ganye ba. Ɗalibi ɗaya ba zai iya yin wannan shi kaɗai ba. Aikin gayya ne, ƙungiya ta sa rana.

Wuta ba ta yi mana yawa kamar mutanen kudu, gama ba mu bar ciyawa a gona. Amma a gandun gwamnati da filin makaranta akan share gefe kewaye, a kwashe busasshiyar ciyawa tun cikin Nuwamba.

Awon amfanin gona

Wani lokaci za ku ga ya kafa turaku huɗu cikin dawa ya ja igiya. Fili ne mai mita 10 kowane gefe. Zai roƙi izini a yanke abin da ke ciki, a shanya, a sussuke, a auna a sikeli. Irin wannan fili guda 100 ne suke cika kadada ɗaya, watau kamar eka biyu da rabi. In ya sami kilo 8, kadadar ta ba da kilo 800 ke nan. Bayan awo hatsin na mai gona ne, ko ƙwaya ba ya ɗauka.

Me ya sa ba zai tambayi yawan dami kawai ba? Domin damin wani ya yi biyun na wani. Kuma mun san halinmu, in ana tsammanin tallafi sai dami ya ragu, in ana hira a kasuwa sai ya ƙaru. Yakan kuma rubuta inda ya ga ƙuduji, da inda ruwa ya yi zaizaya, gama yanzu ne ake ganin bakin kwazazzabo sosai, kafin iskar hunturu ta rufe shi da yashi.

Iri

Da shigar rani kuka da tsamiya da bagaruwa suke nuna, gawo kuwa sai gaba kaɗan. Ana tara iri daga uwa mai lafiya, ba daga ɗaya kaɗai ba. A shanya a inuwa, a sa a kwalba, a rubuta suna da wuri da kwanan wata. Irin gawo da na bagaruwa suna da tauri, suna jimre ajiya, amma kafin shuka sai an jiƙa su a ruwan zafi ko a ɗan kankare bawon. Irin dogon yaro kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, sai a shuka shi ɗanye.

A ofis

Ɗalibai da yawa ba su son wannan sashe. Sun fi son hawan babur zuwa ƙauye. Amma abin da aka rubuta da fensir a gona, cikin zufa da ƙura, in ba a kwafe shi a ranar ba, bayan mako guda mai shi ma ba zai iya karantawa ba. Don haka da la'asar yakan zauna ya kwafe cikin babban littafi, ko cikin kwamfuta in akwai wuta. Yanzu wayar hannu tana nuna daidai inda gona take a taswira, tana kuma ɗaukar hoto. Abu ne mai kyau. Duk da haka muna ba su shawara kada su yar da takarda, gama waya takan ɓata, takan kuma faɗa rijiya.

Akwai littafin ruwan sama. Kowace safiya, a lokaci guda, an karanta ma'auni an rubuta. Milimita 1 daidai take da lita 1 ta ruwa a kan fili mai mita 1 kowane gefe, milimita 25 kuwa kamar inci guda. Yanzu zai tara jimillar kowane wata da ta shekara. Jimillar kaɗai ba ta isa ba. Zai fitar da ranar ruwan shuka, da ranar ruwan ƙarshe, da kwanakin da aka yi a jere ba ruwa, domin shekara biyu suna iya samun ruwa daidai da juna, ɗaya ta yi albarka ɗaya ta ƙone gero a lokacin fitar kai. Ranar da ba a karanta ma'auni ba, a rubuta ba a karanta ba. Kada a cika gurbin da ka.

Sai ƙidayar kayan aiki: baro nawa, shebur nawa, diga, adda, bokitin ban-ruwa, da ledar da ta rage. Sai wasiƙu zuwa ga dagatai da shugabannin makarantu. Daga ƙarshe sai rahoto, wanda daga cikinsa za a yanke yawan ledar da za a cika a lambun reno da rani, da irin itacen da za a shuka, da ƙauyen da za a kai wa.

Kada ku rena takardar nan. Tun shekara ta 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na jihohin arewa. Manyan shirye-shirye irin waɗannan da lissafi suke aiki, lissafin kuwa daga irin littafin yaron nan yake farawa. Ƙauyen da ya ɓoye ƙananan itatuwansa, a takarda zai fito kamar ƙauyen da bai damu da itace ba.

Abin da muke roƙon ƙungiyoyi

In ɗalibi ya zo, ku tambaye shi takardarsa daga ofis, ku kuma tabbata ya fara gai da mai unguwa. Ba laifi ba ne, hakkinku ne. Sa'an nan ku haɗa shi da dattijo ɗaya wanda ya san iyakar gonaki da sunayen itatuwa, gama da yawansu sun haddace sunan Latin amma ba su iya bambanta marke da kirya ba. In budurwa ce, matan ƙungiya su raka ta. Su ne ma suka fi sanin kukar da ke da miya mai daɗi, da nisan da ake tafiya yanzu neman itacen girki. Ku ba shi ruwa, yawancinsu daga aljihunsu suke biyan kuɗin mota.

Abu ɗaya kuma da ba mu so ku manta: kafin ya tafi, magatakardan ƙungiya ya kwafe lissafin ƙauyenku cikin littafin ƙungiya, da yawan dashen da ya rayu, da kututturen da aka yi wa alama, da jimillar ruwan bana. Ɗalibin zai koma makaranta cikin 'yan makonni, wanda zai zo baɗi wani ne dabam. Ƙidayar watan Mayu ku za ku yi ta da kanku, ku aiko mana da ita kafin ruwan shuka.